Ihu bayan hari: littattafan ramuwar gayya da ƴaƴan riƙon hukuma

Masu iya magana sun ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi. Ga alama marubutan ƙagaggun labarai na Turai da Amurka sun gano cewa ta fi ta kasuwa ma. Tun daga tsakiyar shekarun 1980 wani reshe ya tsiro cikin littattafan laifi da bincike, waɗanda masu karatun Faransanci suka sani da sunan polar, kuma labarinsa kusan guda ne ko da an sauya suna da gari. Hukuma ta karɓe yaro daga hannun iyayensa, ko ta tsince shi maraya, ta damƙa shi ga gidan riƙo ko gidan horo. A can aka ci amanarsa, ya yi kuka ba wanda ya saurara. Ya girma, ya dawo da bindiga ko guba, ya yanke hukuncin da alƙali bai yanke ba. Mai karatu ya rufe littafi, zuciyarsa ta yi sanyi.

Wannan sanyin zuciya shi ne abin tuhuma. Littattafan nan sun faɗi gaskiya game da cutar, gaskiyar da gwamnatoci masu tinƙaho da kare haƙƙin ɗan Adam suka shekara da shekaru suna binnewa, don haka sun cancanci a karanta su. Amma maganin da suke tallatawa na jabu ne, kuma yaron da ke hannun mugu a yau ba ya amfana da shi ko kaɗan.

Idan hukuma ta zama uwar riƙo

A ƙasar Hausa riƙo al'amarin dangi ne: goggo ta ɗauki ɗiyar ɗan'uwanta, kaka ta yaye jika ya zauna wurinta, aminin uba ya karɓi yaro ya sa shi makaranta. A ƙasashen da ake rubuta waɗannan littattafai kuwa, hukuma ce ke raba yaro da gidansu ta hanyar kotu, sannan ta ba wasu mutane da ba su haɗa jini da shi ba, tana biyansu kuɗin ɗawainiya. A Amurka, a shekarar 2021, yara kimanin 390,000 ne ke ƙarƙashin irin wannan riƙo, kuma duk shekara wajen 20,000 ke cika shekarun girma su fita daga tsarin ba tare da sun sami gidan da za su kira nasu ba.

Da yawa daga cikin masu riƙon mutanen kirki ne, kuma yara masu yawa sun tsira ta hannunsu. Sai dai tsarin yana da wani rami a tsakiyarsa. Yaron ba ya da dangin da za su leƙo ba zato ba tsammani. Mai sa ido kansa ma'aikaci ne da kundaye suka yi wa yawa, wanda ke zuwa bisa alkawari, bayan an share gida an wanke yaro. In yaron ya yi magana, za a auna maganarsa da ta babban da hukuma da kanta ta tantance ta ce amintacce ne. Kafin a yarda da yaro sai ofishin ya yarda cewa shi ne ya ba kura ajiyar nama. Wato mai karɓar ƙara shi ne wanda ƙarar za ta kunyata. Daga wannan rami ne duk littattafan suka fito.

Gaskiyar da suka faɗi

Wanda ya fi kowa kafa wannan reshe shi ne Andrew Vachss, lauya a birnin Niyok, wanda ya rasu a 2021. Kafin ya fara rubuta labarai ya yi aikin kula da jin daɗin jama'a, ya shiga Biyafara a 1969 cikin aikin agaji, ya shugabanci wani gidan kaso na matasa masu manyan laifuka, sannan ya zama lauyan da ba ya wakiltar kowa sai yara. A 1985 ya fitar da Flood, na farko cikin littattafai 18 da suka ƙare a 2008, dukansu a kan wani mutum mai suna Burke, wanda uwarsa ta yar da shi jariri, hukuma ta raine shi daga gidan riƙo zuwa gidan horo zuwa kaso, ya girma yana farautar masu lalata da yara. Abin da Vachss ya gani a kotu shi ya zuba a takarda, a lokacin da mutane da yawa ke ɗaukar irin wannan zance a matsayin ƙari.

A ƙasar Suwidin, ɗan jarida Stieg Larsson ya rasu a watan Nuwamba na 2004, kafin fitowar littattafansa uku na Millénium tsakanin 2005 da 2007, waɗanda aka sayar da gomman miliyoyinsu a duniya. Jarumarsa, Lisbeth Salander, tana da shekara 12 ta banka wa ubanta wuta don ya daina dukan uwarta, bayan ta gaya wa manya ba su ji ba. Aka kulle ta a asibitin taɓin hankali na yara, aka yi ta yawo da ita gidajen riƙo, kotu ta ce ba ta iya riƙe kanta ba, ta naɗa mata waliyyi. Waliyyin na biyu, lauya mai mutunci a idon jama'a, ya riƙe mata kuɗinta ya yi mata fyaɗe. Wa za ta kai wa ƙara, alhali takardar hukuma ta riga ta ce maganarta ba abin dogaro ba ce?

Wani zai ce ai ƙage ne. To, a shekarar da littafin farko ya fito, wato 2005, gidan talabijin na gwamnatin Suwidin ya nuna wani shiri inda tsofaffin ƴaƴan gidajen yara suka ba da labarin abin da aka yi musu. Gwamnati ta kafa kwamitin bincike a 2006, ya saurari mutane sama da 800, ya tattara shaidar duka, yunwa, aikin wahala da fyaɗe a gidajen riƙo da gidajen yara. Ranar 21 ga Nuwamba 2011 ƙasar ta nemi gafararsu a bainar jama'a.

Haka abin yake a Danmak. Littafin Jussi Adler-Olsen na 2010, wanda aka fassara da Faransanci da sunan Dossier 64, labarin wata mata ce da aka wulaƙanta a gidan riƙo, aka tura ta tsibirin Sprogø, aka yi mata aikin da ya hana ta haihuwa har abada, ta tsufa ta gayyaci waɗanda suka cuce ta ɗaya bayan ɗaya ta shayar da su guba. Matar ƙagaggiya ce, amma tsibirin na nan, kuma daga 1923 zuwa 1961 an tsare mata kimanin 500 a cikinsa da sunan cewa ba su da kamun kai ko hankalinsu bai cika ba. Faransa ma ba ta fita ba: tsakanin 1962 da 1984 an kwashe yara sama da 2,000 daga tsibirin Reyiniyon zuwa karkarar Faransa, musamman jihar Creuse, inda aka mai da wasunsu ƴan aikin gona. Ruwa ba ya tsami banza. Marubutan ba su ƙirƙiri zaluncin ba, sun tarar da shi ne cikin tarihin ƙasashensu.

Inda suka yaudari mai karatu

Yaudarar tana cikin ginin labarin. A cikin littafi, marubuci shi ne shaida, shi ne mai bincike, shi ne alƙali. Ya buɗe wa mai karatu ƙofar ɗakin da aka aikata laifin, ya nuna masa fuskar mai laifin, har ya shigar da shi cikin zuciyarsa. Saboda haka in jarumi ya ɗaga bindiga, babu tantama ko kaɗan cewa wanda ke gabansa shi ne. Mai ramuwa na cikin littafi ba ya kuskure, don wanda ya halicce shi bai ba shi damar kuskure ba.

A rayuwa ta zahiri ba wanda ke da wannan tabbaci. A watan Yuli na 2000, bayan kisan wata yarinya mai shekara 8, jaridar News of the World ta Ingila ta shiga buga sunaye da hotunan mutanen da aka taɓa hukuntawa kan lalata da yara. Tarzoma ta ɓarke a wata unguwar birnin Portsmouth, aka kori iyalai daga gidajensu, cikinsu har da waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. A kusa da garin Newport aka rubuta zagi a bangon gidan wata likitar yara har ta bar gidan, ga alama don a harshen Ingilishi sunan sana'arta da sunan wannan laifi sun fara da haruffa iri ɗaya. A watan Yuli na 2013, a birnin Bristol, wani ɗan gudun hijira daga Iran mai suna Bijan Ebrahimi ya rasa ransa a hannun maƙwabcinsa, aka ƙone gawarsa, bisa jita-jitar cewa yana bibiyar yara. Bincike ya tabbatar da cewa ƙarya ce, ya kuma nuna cewa mutumin ya yi ta kiran ƴan sanda yana neman kariya ba su kula shi ba. Wanda ya kashe shi, a zuciyarsa, shi ne jarumin littafi.

Ko mashara'anta, mai lauyoyi da shaidu da damar ɗaukaka ƙara, tana faɗawa wannan rami. Shari'ar Outreau ta Faransa ta isa misali. An cuci yara da gaske, kotu ta tabbatar da haka, an kuma hukunta mutum huɗu. Amma an haɗa da wasu da ba su da hannu: an wanke bakwai a 2004, an wanke shida a Paris a watan Disamba na 2005, bayan wasunsu sun share shekaru a kaso, ɗaya kuma ya mutu a tsare kafin a kai ga shari'a. Shidan ƙarshe sun fita ne don akwai kotu ta biyu. Da mai ramuwa ne ya riski su, da babu ɗaukaka ƙara daga kabari.

Mai karatu na Maraɗi ba ya buƙatar a kai shi Turai kafin ya fahimci wannan. Ƴan sa-kai da suka tashi a Zamfara da maƙwabtanta sun tashi ne kan ƙorafi na gaskiya, na satar shanu da fashi da hukumar da ba ta zuwa. Da suka fara yanke hukunci a kasuwanni bisa zargi da kamannin fuska, ramuwa ta haifi ramuwa, kuma daga 2019 dubun dubatar ƴan gudun hijira suka tsallako iyaka zuwa jihar Maraɗi.

Akwai yaudara ta biyu, wadda ta fi ta farko ɓoyuwa. Sleepers na Lorenzo Carcaterra, wanda ya fito a 1995 aka mai da shi fim a 1996, labarin yara huɗu ne na Niyok da masu gadin gidan horo suka lalata. Da suka girma, biyu suka harbe ɗaya daga cikin masu gadin a mashaya, na uku ya zama mai gabatar da ƙara ya karɓi shari'ar don ya kayar da ita da gangan, limamin cocin unguwarsu kuma ya rantse ya ba da shaidar zur. Marubucin ya ce labarin gaskiya ne, ofishin mai gabatar da ƙara na Manhattan ya ce ba a taɓa yin irin wannan shari'a ba. Ko ma wane ne mai gaskiya, darasin da aka koya wa miliyoyin masu kallo shi ne cewa shaidar zur halal ce ga wanda ya tabbata yana kan daidai. Amma ai da wannan makamin ne ake danne ƴaƴan riƙo tun farko: babba mai mutunci ya rantse, kotu ta yarda da shi. Duk kotun da za a iya saye da tausayi yau, gobe za a saye ta da kuɗi, kuma maraya ba shi ne mai kuɗin ba.

Hujjar masu kare ramuwa

Masu son waɗannan littattafai suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Za su ce: wace kotu? Suwidin ta yi alkawarin diyyar kurona 250,000 ga kowane wanda aka cuta, amma cikin mutum sama da 5,000 da suka nema, ƙasa da rabi ne suka samu, sauran aka ce shaidarsu ba ta isa ba ko wahalarsu ba ta kai mizani ba. Tsofaffin yaran gidan Godhavn na Danmak sun fito a talabijin a 2005, amma sai a watan Agusta na 2019 firaminista Mette Frederiksen ta nemi gafararsu. Majalisar dokokin Faransa sai a watan Fabrairu na 2014 ta amince cewa ƙasar na da alhakin abin da ya sami yaran Reyiniyon. Mafi yawan waɗanda suka ɗaga hannu suka doki yaran nan sun mutu a kan gadajensu ba su taɓa tsayawa gaban alƙali ba. Wanda ya ga haka ya ji daɗin labarin ramuwa, ba a ce ya yi laifi ba.

Fushin daidai ne. Amma a tambayi mai ramuwa: wa zai harbe? A Sprogø likitoci ne suka sa hannu, bisa dokar hana haihuwa da majalisar Danmak ta zartar tun 1929. A Reyiniyon ma'aikatan gwamnati ne suka cika takardu, ƙarƙashin manufar da Michel Debré, tsohon firaminista kuma ɗan majalisar tsibirin, ya tsaya mata. Littafin ramuwa yana tattara laifin tsari gaba ɗaya ya ɗora shi kan mugu guda mai fuska, don a kashe shi a huta. Gawa kuwa ba ta ambaton abokan aikinta, ba ta faɗin wanda ya karɓi ƙara ya jefa a aljihun tebur, ba ta faɗin wane yaro ne ke gidan har yanzu. Harsashi yana rufe kundin da ya kamata a buɗe, kuma ba wanda ya fi jin daɗin haka kamar ofishin da ya yi sakaci.

Abin lura shi ne manyan marubutan da kansu sun san wannan. Lisbeth Salander ta rama a jikin waliyyinta, gaskiya ne, amma abin da ya ƴanta ta a littafi na uku shi ne bidiyon da ta ɗauka a ɓoye, da takardun da aka tono, da lauya, da zaman kotu. Dennis Lehane, cikin Gone, Baby, Gone na 1998, ya nuna ƴan sandan Boston da suka sace yarinya daga hannun uwa marar kula don su ba ta gida mai kyau, ya nuna gawawwakin da wannan kyakkyawar niyya ta bari a hanya, ya ƙi ba mai karatu sanyin zuciya. Shi kuwa Vachss, wanda ya ƙirƙiri Burke, a kotu da majalisa ya yi nasa yaƙin. Yana cikin waɗanda suka tsaya wa dokar kare yara ta 1993, wadda ta buɗe hanyar binciken tarihin laifi na masu neman aikin kula da yara a Amurka.

Wanda ya kamata ya zo da wuri

Labarin da ya fi kowane ƙage nuna inda gizo ke saƙa shi ne na Victoria Climbié, kuma ya shafi Afirka ta Yamma kai tsaye. An haife ta a Abobo, Abijan, a 1991. A 1998 iyayenta suka ba da ita riƙo ga wata ƴar'uwar kakanninta mazauniyar Faransa, da fatan ta yi karatu a Turai, kamar yadda dubban iyaye ke yi da zuciya ɗaya. Matar ta kai ta Landan a 1999. Ranar 25 ga Fabrairu 2000 yarinyar ta rasu tana da shekara 8, likita ya ƙirga rauni 128 a jikinta. An yanke wa matar da saurayinta ɗaurin rai da rai a 2001.

Binciken Lord Laming, wanda ya fito a watan Janairu na 2003, ya gano aƙalla lokuta 12 da za a iya ceton ta. An kai ta asibiti sau biyu a watan Yuli na 1999, a karon farko aka ce ƙazuwa ce. Ofisoshin kula da yara sun san da ita, ƴan sanda sun san da ita. Faransanci take ji, kuma galibi bayanin uwar riƙonta aka saurara aka rubuta. Ofishin da ke riƙe da kundinta ya rufe shi a ranar da ta cika. Bayan haka Ingila ta yi sabuwar dokar yara a 2004.

Da mai ramuwa ya zo ranar 26 ga Fabrairu, me zai yi wa Victoria? Abin da ta rasa ƙarami ne, ba ya cika littafi kuma ba ya sayuwa a kasuwa: babba guda da zai zauna da ita ita kaɗai, ya tambaye ta da harshen da take ji, ya dubi bayanta, ya yarda da abin da idonsa ya gani, ya kuma koma gobe. Duk gyaran da aka samu a Suwidin, Danmak, Faransa da Ingila ya biyo ta wannan hanya ce, ko da a makare: wani ya yi magana, wani ya saurara, aka rubuta, aka tilasta wa magabata su amsa.

Saboda haka a karanta waɗannan littattafai, a kalli finafinansu, amma a ɗauke su a matsayin takardar tuhuma da aka shigar kan hukumomin da ba su jin kukan yaro. Rabin farko na kowane ɗayansu shi ne mai amfani, wato wurin da yaro ke magana manya na kau da kai. Rabin ƙarshe ihu ne bayan hari. Wanda ya rufe littafin yana jin an yi adalci, marubuci ya sauke masa nauyin da bai kamata ya sauka ba. Wanda ya rufe shi ya tuna da ɗiyar da aka kai riƙo Yamai, Kano ko Abijan shekara biyu da suka wuce, ya lura cewa duk labarinta daga bakin uwar riƙonta yake zuwa, ya tashi ya nemi jin muryarta ita kaɗai, shi ne ya fahimci abin da ya karanta.